Yadda Aka Tono Tsohon Furucin Hausa a Duwatsun Filato

A shekarar 1915 wasu littattafai biyu suka fito a Turai waɗanda, a ido, babu abin da ya haɗa su. Ɗaya kashin farko ne na binciken wani matashi ɗan ƙasar Swidin, Bernhard Karlgren, a kan yadda Sinawa suke furta harshensu shekara dubu da ɗari uku kafin lokacin. Ɗayan kuma ɗan littafi ne mai suna Angass Manual, na wani jami'in mulkin mallaka, H. D. Foulkes, wanda ya tattara nahawu da kalmomin harshen Ngas, wato Angasanci a bakin Hausawa, harshen mutanen ƙasar Pankshin da ke kudu maso gabas da Jos. A lokacin Jos kanta sabon gari ce. Jirgin ƙasa daga Zariya bai daɗe da isowa ba, kuma haƙar kuza ce take janyo leburori da fatake daga Kano da Bauci da Zazzau. Littafin Karlgren ya zama ginshiƙin fanni guda na ilimi. Na Foulkes kuwa ya daɗe a ajiye kafin a gane cewa a cikinsa akwai shaidar yadda kakannin Hausawa suke magana.

Tambayar da ta haɗa littattafan ɗaya ce: ta yaya za a san furucin mutanen da suka shuɗe, alhali babu wanda ya naɗi muryarsu?

Sinawa ne suka fi kowa daɗewa suna fama da ita, domin rubutunsu ba ya bayyana sauti kamar yadda boko ko ajami suke yi. Alama ɗaya ce a takarda, mutumin Bejin ya karanta ta da wani furuci, mutumin Kanton ya karanta ta da wani, ma'ana kuma ba ta sauya ba. Amma suna da abin da ba kowace al'umma take da shi ba. A shekarar 601 wani malami, Lu Fayan, ya kammala ƙamus mai suna Qieyun, wanda ya samo asali daga wata hira da malamai takwas suka yi a gidansa a birnin Chang'an shekaru ashirin kafin nan, suna gardama a kan furucin da ya dace mai waƙa da mai karatu su bi. Ya kasa kalmomi bisa karin sauti huɗu, ya sake kasa su bisa amsa-amo zuwa gida 193. Don nuna yadda ake faɗin kalma sai ya kawo wasu kalmomi biyu, a ɗauki baƙin farko na ɗaya, a ɗauki ragowar gaɓar ɗayar, a haɗa. Kalmar da take nufin gabas, wadda yau ake cewa dong, an bayyana ta da de da hong. Da Bahaushe ne, sai ya ce a ɗauki kan "doki" a ɗora a jikin "gora" a sami "dora". An faɗaɗa ƙamusun a 1008 da sunan Guangyun, gidajen amsa-amo suka kai 206.

Sai dai littafin yana faɗin wace kalma ce take tafiya da wace, ba ya faɗin ainihin sautin. Malaman Sin sun yi ƙarnuka suna warware wannan ƙulli. Chen Di, a 1606, ya lura cewa tsofaffin waƙoƙin Shijing, su 305, waɗanda aka yi ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa, amsa-amonsu ba ya faɗawa daidai a bakin mutanen zamaninsa. Magabatansa sun ɗauka mawaƙan ne suke lanƙwasa kalma don ta shiga. Shi ya ce a'a, furucin ne ya sauya. Qian Daxin, wanda ya rasu a 1804, ya nuna cewa tsohon Sinanci ba shi da sautin f, daga p da danginsa ya fito. Chen Li, a 1842, ya bi kalmomin bayanin nan na Guangyun ɗaya bayan ɗaya, yana ƙulla wadda ta bayyana wata da wadda aka bayyana ta da ita, har ya ware rukunonin baƙaƙen farko.

Abin da Karlgren ya ƙara shi ne kunne. Ya je Sin a 1910, ya zauna a lardin Shanxi, ya rubuta furucin kare-karen harshe da dama, sannan ya duba yadda Japanawa da Koriyawa da mutanen Biyetnam suke faɗin kalmomin da suka aro daga Sinanci tun da daɗewa. Nan aka ga abin da ya ɓace. Shida a Bejin liu ce, a Kanton luk, a Japan roku. Goma a Bejin shi ce, a Kanton sap, a Koriya sip. Ashe akwai p da t da k a ƙarshen gaɓa, arewacin Sin ya zubar da su, kudu da maƙwabta suka riƙe. Aikin ya ɗauke shi daga 1915 zuwa 1926. An yi masa gyare-gyare masu yawa daga baya. Bafaranshe André Haudricourt ya nuna a 1954 cewa karin sauti kansa yana iya fitowa daga baƙin da ya faɗi a ƙarshen kalma, kuma William Baxter da Laurent Sagart sun fitar da sabon tsarin tsohon Sinanci a 2014. Amma hanyar ita ce dai: littafi a hannu ɗaya, bakin masu rai a ɗaya hannun.

Hausa ba ta da Qieyun. Ajamin da ya zo hannunmu bai wuce 'yan ƙarnuka ba, kuma ƙamusun J. F. Schön na 1876 da na G. P. Bargery na 1934 jiya-jiya ne idan aka auna su da shekarar 601. Don haka wanda yake neman tsohuwar Hausa bakin masu rai kaɗai ya rage masa, kuma wurin da aka fara dubawa shi ne cikin Hausar kanta.

Bajamushe August Klingenheben ne ya buɗe wannan ƙofa, a wata maƙala da ta fito a 1927 zuwa 1928 a kan abin da yake samun baƙi idan ya zo ƙarshen gaɓa. Duk Bahaushe yana da shaidar a bakinsa, sai dai bai tsaya ya saurara ba. Muna cewa talaka, amma talauci. Ina k ɗin ya tafi? Muna cewa zuciya, jam'i zukata. Ɓauna, jam'i ɓakane. Buzu, jam'i Bugaje. Hagu, amma hauni. Haƙori, amma haure. A kowanne, inda wasali ya biyo bayan k ko g ko ƙ, baƙin yana nan daram. Inda ya tsaya a ƙarshen gaɓa, ya narke ya koma u. Ke nan an taɓa cewa talakci, da zukciya, da ɓakna, da bugzu. Jam'i ya zama kamar rumbu, abin da tilo ya ɓatar a yawon yau da kullum yana nan a ajiye a cikinsa. Haka kuma baƙaƙen da ake yi da tsinin harshe suka koma r: fatake amma farke, ɓata amma ɓarna, biyat ta Sakkwato amma biyar ta Kano. Asabar ma daga as-sabt ta Larabci take, t ɗin ƙarshe ya bi sahun 'yan'uwansa.

Kashi na uku na wannan doka ta Klingenheben ya fi daɗin ji, domin bai game ƙasa ba. Baƙaƙen leɓe sun narke a gabas, sun tsira a yamma. Bakano yana cewa sauka, aure, zauna, ƙauna, auduga, juji. Basakkwace yana cewa sabka, amre, zamna, ƙamna, abduga, jibji. Sakkwato da Katsina da Gobir sun yi wa Hausa abin da Kanton ta yi wa Sinanci. Wannan ya kamata ya sa masu yi wa Sakkwatanci kallon karkatacciyar Hausa su sake tunani, don a wannan wuri dai Kano ce ta kauce daga asali. Daga nan aka fara samun jerin aukuwa. Narkewar k da g ta game kusan ko'ina, saboda haka ita ce babba, ta auku tun kafin kare-karen su rabu sosai. Ta leɓe ƙarama ce, ba ta ma cinye komai ba, ga tafki da tsafta sun tsallake. Kuma ta riga ta mutu kafin zuwan Turawa: Bakanon da ya mai da zamna zauna bai mai da gwamna gwauna ba.

Iyakar inda Hausa za ta iya kai mu da kanta ke nan. Abin da ya sauya a tilo da jam'i baki ɗaya, a Kano da Sakkwato baki ɗaya, bai bar sawu a cikin gida ba. Sai an tambayi dangi, kuma an daɗe ba a san su wane ne dangin ba. Masanan Turai na ƙarni na 19 da farkon na 20 sun lura Hausa tana bambanta namiji da mace kamar Larabci da Azbinanci, sai suka raba ta da maƙwabtanta suka jingina ta da arewa, bisa ra'ayin nan na launin fata da ya cika ilimin zamanin. Johannes Lukas a 1936 ya haɗa ta da wasu harsunan yankin tafkin Cadi, ya bar wasu a waje. Ba'amurke Joseph Greenberg, wanda ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, shi ya rushe shingen. A rubuce-rubucensa na shekarun 1950, da littafinsa na 1963, ya ce Hausa da Bolanci da Ngizim da Margi da Ngas da sauransu, har cikin Kamaru da Cadi, gida ɗaya ne, harsunan Cadi, kuma gidan reshe ne na babban dangin Afro-Asiya tare da Larabci da Ibrananci da tsohon harshen Misira. Yawansu ya haura 150.

A nan Filato ta shigo labarin. Wanda ya bar Jos ya nufi kudu yana ratsa iyakar manyan dangogin harsuna biyu ba tare da ya ga alama a hanya ba. Berom da Izere na kewayen Jos, da Tarok na Langtang, dangin Binuwai-Kwango ne, ba su da alaƙar jini da Hausa. Amma Mwaghavul na Mangu da Panyam, da Ngas na Pankshin, da Ron na Bokkos, da Goemai na Shendam, duk Cadi ne, kuma suna cikin ɓangaren da ya fi kusa da Hausa. A kunne ba su yi kama da ita ba ko kaɗan. Kalmominsu gajeru ne, galibi gaɓa ɗaya mai ƙarewa da baƙi, karin sauti yana ɗauke da nauyi mai yawa. Sai an jera su a takarda ake ganin fuskar. Mutu, a Mwaghavul muut. Mata, mat. Suna, sum. Ido, yit. Harshe, wanda yamma take cewa halshe, liis, ga kuma lisan ta Larabci a gefe. Uku, kun. Huɗu, feer. Biyar, paat, kuma a Ngas pet, da t ɗin nan da Sakkwato ta riƙe a biyat.

Kama da wane ba ta wane, kuma masana sun san haka. Kalma biyu suna iya kama bisa tsautsayi, ko ɗaya ta aro daga ɗaya, balle a ƙasar da Hausa ta zama harshen kasuwa. Abin da ake nema shi ne sauyi mai bin doka, wanda idan ya auku a kalma ɗaya za a same shi a goma. Greenberg ya kawo irin wannan a 1958. Hausa ba ta bambanta p da f. Bakano ya ce fara, Basakkwace ya ce hwara, wani ya ce para, duk abu ɗaya ne. Larabci ma f kaɗai gare shi. Ngas da 'yan'uwansa kuwa suna raba su, kuma Greenberg ya nuna rabuwar tasu tana tafiya da ta tsohon harshen Misira, inda huɗu take fdw, Ngas kuma fiir. Ke nan bambancin tsoho ne, Hausa da Larabci ne suka haɗe shi. Abin da Qian Daxin ya gano game da f ta hanyar tsofaffin littattafai, a nan an gano makamancinsa ta hanyar kwatanta rubutun kaburburan Misira da maganar manoman Pankshin.

Shekarun 1960 su ne lokacin aikin ƙafa. Herrmann Jungraithmayr, ɗan Ostiriya, ya shiga garuruwan kudu da Jos da alƙalami da na'urar naɗar murya. Aikin ba shi da wani armashi ga mai kallo. A zauna da mai harshe, a tambaye shi da Hausa yadda ake cewa kai, ido, kunne, ɗaya, biyu, a sa ya maimaita, a sa ya yi fito da kalmar don karin sautin ya fito fili, a rubuta, a koma ga jam'i, a koma ga aikatau a kowane lokaci. Hausa ce gadar da ake bi a isa ga danginta. Ya wallafa bayanin Mwaghavul, wanda a lokacin ake kira Sura, a 1963 zuwa 1964, sannan a 1970 ya fitar da littafi a kan harsunan Ron guda biyar: Fyer, Bokkos, Daffo-Butura, Sha da Kulere. Abin da ya samu ya ba da mamaki. Ron da Ngas maƙwabta ne, tsakaninsu tafiyar 'yan sa'o'i, amma Ron sun riƙe jinsin namiji da mace, sun riƙe jam'in da ake yi da cusa wasalin "a" a cikin kalma, irin gulbi da gulabe, birni da birane, wanda ɗalibin Larabci zai tuna da jam'ut taksir. Ngas da Mwaghavul sun yar da wasulan ƙarshe, jinsi ya rage ɗan ɓurɓushi a wakilin suna. Ekkehard Wolff da Ludwig Gerhardt sun yi bayani a 1977 cewa daɗewar zama da aure da cuɗanya da masu harsunan Binuwai-Kwango ta sa harsunan ɓangarorin biyu sun ɗauki kamannin juna.

A cikin shekarun 1960 ɗin nan Paul Newman da Roxana Ma suka wallafa, a 1966, yunƙurin farko na sake gina sautuka da kalmomin uwar harsunan Cadi. Newman, wanda daga baya ya shugabanci Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a Kano, ya sake tace aikin a 1977 da saiwoyi kusan 150, kowace da alamar tauraro a gabanta don nuna cewa ba a taɓa jin ta ba, hujja ce ta kai ga ita. Daga kwatancen ya fito da dokokin da Hausa ba za ta taɓa faɗa da kanta ba. Tsohon r ya koma y a Hausa. Mai na miya da fitila, a Mwaghavul mwor ne. Wuya, a Ngizim wura. Soya, a Bolanci surru. Haka kuma m da n na ƙarshen kalma sun faɗi: kada a Bolanci kadam ne, kusu kuma kosum, ga kun ta Mwaghavul a gefen uku. Har karin sautin nan mai faɗuwa na mai da rai an gano gaɓa biyu ne suka haɗe, mayi da rayi, shi ya sa ake cewa mayuka da rayuka.

Ba a rasa saɓani ba. Jungraithmayr, a manyan kundaye biyu da ya fitar tare da Dymitr Ibriszimow a 1994, ya karkata ga cewa saiwoyin Cadi da yawa baƙi uku ne da su tun asali, kamar na Larabci, zamani ne ya gutsure su. Newman ya fi yarda da baƙi biyu, kuma ba ya son a ƙara baƙin da shaida ba ta tilasta ba. A ganina tsantsenin Newman ya fi kwantar da hankali, domin sha'awar ganin Hausa ta yi kama da Larabci ta taɓa ɓatar da masana a baya. Amma ko wanda bai bi Jungraithmayr a hukunci ba, da kayan da ya tara yake aiki. Carl Hoffmann na Jami'ar Ibadan ya tsara dokokin sautin rukunin Ngas da Goemai a 1975. Zygmunt Frajzyngier ya rubuta nahawun harshen Mupun a 1993, Birgit Hellwig ta rubuta na Goemai a 2011. Gábor Takács, ɗan Hangari masanin tsohon harshen Misira, ya haɗa ƙamusun kwatance na rukunin gaba ɗaya a 2004, inda ya dogara har da littafin Foulkes da rubuce-rubucen wani limamin Katolika, Sirlinger, da ya yi aiki a ƙasar Shendam. Jungraithmayr ya dawo kan Ngas da cikakken littafi a 2016, Newman kuma ya tattara tarihin harshen Hausa a littafi guda a 2022.

Bambanci ɗaya ya rage tsakanin aikin Sin da namu. Su suna iya cewa a shekarar 601 kaza da kaza ba sa amsa amon juna. Mu abin da muke iya cewa shi ne wannan ya riga wancan: r ya koma y tun kafin Hausa ta rarrabu, k ya narke bayan nan, b da m suka biyo baya a gabas kaɗai, gwamna ya zo ya tarar an tashi. Jeri ne ba shekara. Kuma shaidun namu mutane ne, ba takarda ba. Ngas da Mwaghavul da Goemai suna da jama'a, suna da fassarar sassan Littafi Mai Tsarki da littattafan koyon karatu, waɗanda hukumar fassara da ke Jos da kwamitocin harsunan suka yi aiki a kansu. Amma ƙananan, irin su Fyer da Tambas da Pyapun, abin da aka rubuta a kansu bai taka kara ya karya ba, yaran da aka haifa a Jos da Bukuru kuma da Hausa da Turanci suke tashi. Abin yana da ciwo, domin Hausa ce take shafe harsunan da suke riƙe da tarihinta, kuma masu digirin Hausa na Kano da Zariya da Sakkwato kaɗan ne suka taɓa zama da mai jin Ron su tambaye shi yadda yake cewa huɗu.

Hausar Jos ma tana nata sauyin. A Terminus da Farin Gada za ka ji ƙ ta koma k a bakin da yawa daga waɗanda Hausa ba harshen gidansu ba ce, ts ta kusanci s, ana cewa mace ya zo ba tare da kowa ya ɗaga kai ba. Zubar da jinsi shi ne abin da ya sami Ngas da Mwaghavul a waɗannan duwatsu tun da can, kuma ta hanya ɗaya, wato harshe ya shiga bakin mutanen da nasu ba ya raba namiji da mace. Ana jin wannan Hausa a wa'azin coci, da shirye-shiryen rediyon jihar, da waƙoƙin matasa, kuma yaran Hausawan garin da suke wasa da sauran yara sun fara kai wani abu daga cikinta gida.